Ga mai son zuwa Tromso karatun kifi: fara da sanin kod

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a fannin kiwon kifi, kana son yin na biyu a Jami'ar Tromso da ke arewacin ƙasar Norwe, kana tambaya ko sanin da ka yi wa tarwada da karfasa zai ishe ka. Zai taimaka, amma ba zai isa ba. Kifin da ba ya barin bakin malamai a nan shi ne kod. Ka ma san shi: busasshen kan kifin nan mai tauri da 'yan ƙabilar Ibo ke kira okporoko, da yawansa daga arewacin Norwe yake fitowa, inda ake shanya shi a iska ba ko gishiri.

Tarwada a wata shida ta isa sayarwa. Kod na Tekun Barents, da ke arewa da Norwe da Rasha, kuwa sai ya yi kusan shekara 7 kafin ya fara hayayyafa, domin ruwan sanyi ba ya barin jiki ya girma da sauri. Idan ya balaga, daga Janairu zuwa Afrilu sai ya gangaro kudu, tafiyar kusan kilomita 1,000, zuwa gaɓar tsibiran Lofoten da Vesteralen, inda sanyin ruwa yake digiri 4 zuwa 6. Wannan matafiyin shi mutanen nan ke kira skrei. Namiji har gurnani yake yi wa mace da tsokar da ke jikin jakar iskarsa. Babbar mace guda tana zuba ƙwai miliyoyi, ta bar su suna yawo a ruwa.

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa uku, igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan ta yi arewa da su. Dole fitowarsu ta dace da lokacin da wasu ƙananan ƙwarin ruwa, Calanus, ke hayayyafa, don su ne abincinsu na farko. In aka samu saɓani, yawanci su mutu da yunwa. Waɗanda suka tsira, da kaka su sauka ƙasan teku, nan ma manyan kod na jiran su, don kod yana cin ɗan'uwansa, musamman idan lodde, wani ƙaramin kifi da yake ci, ya yi ƙaranci.

To ta yaya za a san nawa suka rage? A cikin kan kod akwai ɗan farin dutsen kunne. Za ka karya shi biyu, ka sa a madubin ƙara girma, ka ga zobe-zobe, mai haske da mai duhu, kowane biyu shekara guda. Daga irin wannan ƙidaya Norwe da Rasha ke yanke yawan da za a kama, a kwamitin haɗin gwiwa da ke zama tun 1976. 'Yan shekarun nan rage adadin ake ta yi, masunta na kokawa. Ni dai ina goyon bayan ragewar. Kanada ta yi sakaci har ta rufe kamun kod a Newfoundland a 1992, dubban mutane suka rasa abin yi.

Saboda haka, kafin ka taso, ka dage da lissafin ƙididdiga, ka koyi manhajar R da ake yin lissafin da ita. Wallahi zai fi yi maka amfani a ajin farko fiye da iya haɗa abincin kifi. Ka kuma sani tun 2023 ɗaliban da ba na Turai ba suna biyan kuɗin makaranta, don haka ka fara neman tallafi tun yanzu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Tromso, sai ka shirya wa wannan ma. Ka turo mini takardar sakamakonka in duba darussan da ka yi. A gaida mutanen gida.