Iska ta karya reshen mangwaronmu, in shafa masa baƙin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Iskar farkon damina ta karya babban reshe a mangwaron gidanmu, wasu rassan kuma suna bushewa daga sama suna fitar da danƙo. Maƙwabcina ya ce in sare da adda in shafa baƙin mai. Mahaifinmu ne ya dasa bishiyar, ina tsoron kar ta mutu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, mangwaro yana farfaɗowa in an yanke shi daidai. Ajiye adda, tana farfasa itace. Nemo zarto mai kaifi, ka yi yanka uku. Na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga jikin bishiyar, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan wajen ƙarshen reshen, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana nauyin reshe ya ɗaye ɓawo. Sai ka cire guntun da ya rage daf da kumburin da ke gindin reshen, kada ka taɓa kumburin, daga nan sabon nama ke tahowa ya rufe ciwon.

Rassan da ke bushewa da danƙo galibi cutar fangas ce (ƙwayar cuta dangin funfuna) mai saukowa daga sama. Yanke santimita 10 zuwa 15 ƙasa da inda bushewar ta tsaya, har ka ga itace fari tas, ka ƙone abin da ka yanke. Bayan kowane reshe tsoma zarton a bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa. Ka zaɓi ranar da babu hadari.

Maganar baƙin mai kuwa, don Allah a daina. Kullum sai mun tarar da bishiyar da aka yi wa haka. Man da bakanike ya juye daga inji yana ƙone ɗanyen naman da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda shi kaɗai zai iya rufe wurin. Yana kuma kulle danshi a ciki, ruɓa ta yi ta ci ba a gani, gara ta biyo baya, bayan wasu shekaru sai kogo. Masu cewa "ai mun yi bishiyar ba ta mutu ba" su je su ƙwanƙwasa wurin su ji. Kashin shanu, laka da fentin gida ma a bar su, balle siminti da wasu ke cusawa a kogo. Ciwon itace iska yake so. Idan cutar ta yi ƙarfi, maganin fangas mai sinadarin jan ƙarfe (copper oxychloride) kaɗai za ka dama ka shafa, bisa awon da ke jikin takardarsa.

Busasshen reshe ana cire shi kowane lokaci, amma babban aski sai bayan an gama cire 'ya'ya, kuma kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiyar a shekara.