Amsa ga mai tambaya a kan maganin kafeyin da aka rubuta wa bakwainiyarta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana wannan yarinya, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa. Kin ce an haife ta a mako na 30, tana cikin kwalba, likita ya rubuta mata kafeyin saboda numfashinta yana ɗaukewa, surukarki kuma ta tsorata da jin cewa sinadarin kofi ne. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin bakwaini a nan Kano, kuma roƙona shi ne kada ku hana a ba ta.

Gaskiyar Hajiya ce, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro ne, amma wannan an tace shi, ana kuma auna shi da nauyin jariri. Sashen ƙwaƙwalwa da ke umartar huhu ya ja iska bai gama nuna ba a jikin bakwaini, shi ya sa yakan yi shiru har daƙiƙa 20 ko fiye, bugun zuciya ya sauka, leɓe ya yi duhu. Na sha tsayawa cikin dare ina murza tafin ƙafar jariri har ya ja numfashi, uwarsa tana gefe tana salati. Kafeyin yana zaburar da wannan sashe ne, kuma da yake yana daɗewa a jikin bakwaini, sau ɗaya ake ba da shi a rana.

A shekarar 2006 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Dakta Barbara Schmidt ta jagoranta daga Kanada a kan jarirai sama da 2,000 masu nauyin giram 500 zuwa 1,250. Waɗanda suka sami maganin sun fi saurin rabuwa da na'urar numfashi, kuma ciwon huhu mai daɗewa ya ragu a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta jaddada amfani da shi a shawarwarinta na 2022.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsadarsa da wahalar samunsa. Idan ya yanke, sai a koma ga wani magani mai suna aminofilin, wanda yake aiki amma ya fi sa zuciya gudu. In maigidanki ya samo kafeyin, ya kai wa ma'aikatan ɗakin su duba kafin a buɗe. Kada kuma wani ya ɗiga mata kofi ko ruwan goro da sunan taimako, domin babu mai iya sanin adadin da ya shiga cikinta.

Yawanci ana tsayar da kafeyin ne idan lissafi tun daga farkon cikin ya kai kamar mako 34, ta kuma yi kwanaki numfashin bai ɗauke ba. Kafin nan, ki nemi a koya miki rungumar ta a ƙirji, fata da fata, da yadda za ki farkar da ita idan ta yi shiru. Idan kin ga ɗaukewar ta ƙaru ba zato, ko ta ƙi karɓar nono, ki kira nas nan take, domin wani lokaci cuta ce ta shiga jini.