Yaya Zan Gane Firam Ɗin Kart Ya Lanƙwashe?

Tambaya: Ina shirin sayen ƙaramar motar tsere ta kart ta hannu, ƙirar Tony Kart ta Italiya. Yaya zan gane ko firam ɗinta ya lanƙwashe kafin in biya?

Amsa: Malam, wannan tambaya tana da muhimmanci, domin kart ba ta da shakazoba ko sifirin, bututun ƙarfen firam ɗin, masu kaurin milimita 30 ko 32, su ne ke lanƙwasa su dawo yayin shan kwana, kuma da zarar sun karkace motar za ta riƙa jin kwanar dama daban da ta hagu.

Ka ajiye ta a kan siminti mai shimfiɗa daidai, iskar tayoyi ɗaya, ka auna da tef daga fil ɗin da ƙafar gaba ta dama ke juyawa a kansa zuwa mazaunin boris na baya na hagu, sannan ka auna ɗaya giccin. Bambancin da ya wuce milimita biyu ko uku abin damuwa ne. Sai ka murza sitiyari har ƙarshe kowane ɓangare, ka ga ko ƙafar da ke tashi daga ƙasa tana ɗagawa daidai wa daida a ɓangarorin biyu.

Ka ɗaga motar ka juya sandar ƙafafun baya ko tana rawa. Ka duba fenti kusa da walda ko ya tsage, da ƙasan bututun ko kwalta ta cinye shi ya baje. Ana miƙar da ƙaramar lanƙwasa a kan teburin ƙarfe, amma bututun da ya baje ko ya tsage, shawarata ita ce ka haƙura da shi.