Rage ma'aikatan gwamnati ba tare da aiki ya tsaya ba

Malam, ka tambaya ko gwamnati za ta iya rage yawan ma'aikata kuma aikinta ya ƙara inganci. Za ta iya, muddin ba sallamar mutane barkatai za a yi ba.

Tantancewa ce matakin farko, domin ma'aikatan bogi da masu karɓar albashi biyu su ne ke cinye kuɗin masu aiki na gaskiya, kuma don magance hakan ne gwamnatin tarayya ta ɓullo da tsarin IPPIS, wato tsarin bai-ɗaya na adana bayanan ma'aikata da biyan albashi ta kwamfuta, a 2007. Sai kuma hukumomin da ayyukansu ke cin karo da juna. Rahoton 2012 na kwamitin Oronsaye, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don duba hukumominta, ya ba da shawarar a rage hukumomin tarayya da doka ta kafa daga 263 zuwa 161.

A nan Kano, abin da ya fi damuna shi ne yadda aka rarraba ma'aikatan. Za ka tarar da ofis a cikin birni mutum biyar na jiran fayil ɗaya, alhali a makarantun firamare da asibitocin ƙananan hukumomi 44 ana kukan ƙarancin malamai da ma'aikatan jinya. A ganina, a daina cike gurbin duk wanda ya yi ritaya daga aikin takardu, a horar da sauran a kan kwamfuta, a tura masu shaidar koyarwa zuwa aji. Wanda kuwa ya zama dole a sallama, a biya shi garatuti da fanshonsa a kan lokaci, domin albashi ɗaya a garin nan gidaje da dama yake riƙewa.