Sanyi ya fara shigowa Ingila, in rufe lambuna ne ko akwai abin shukawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni a Birmingham nake zaune, akwai ɗan fili a bayan gidanmu na shuka alayyahu da tumatir da attarugu, Alhamdulillah mun sha miya. To yanzu Oktoba ta shigo komai ya fara rawaya, na ɗauka an tashi kenan, sai kuma na ga maƙwabciyata wata tsohuwar baturiya kullum a durƙushe tana binne wasu abubuwa kamar albasa. Dan Allah me ake shukawa a wannan sanyin, ko in haƙura sai rana ta dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a kar ki haƙura, tsohuwar nan ta san abin da take yi. Iska ce ta yi sanyi amma ƙasa har yanzu tana riƙe da ɗumin da ta sha tun Yuli da Agusta, ga ruwan sama ba a rasa shi, to duk abin da aka sa yanzu zai yi saiwa a ƙasa ya kwanta, Maris na yi ya riga wanda aka shuka daga baya tashi.

Amma kayan gida kam ki yafe su. Alayyahu daren farko da raɓa ta daskare ya tafi, ki tsinke shi yanzu ki sa a firiza. Tumatir ɗin da bai nuna ba ki ciro shi kore ki zuba a kwali tare da ayaba ɗaya, zai nuna a cikin ɗaki. Attarugu in a tukunya yake ki rage masa rassa ki shigo da shi bakin taga mai rana, ruwa kaɗan-kaɗan, wani lokacin yana tsallakewa zuwa baɗi.

Abin da zan fi matsa miki a kai tafarnuwa ce. Ita sai ta sha sanyi na wata ɗaya zuwa biyu kafin kanta ya rarrabu, in bata samu ba sai ki tono dunƙule guda, shi yasa Oktoba da Nuwamba ne lokacinta. Ki sayi ta iri a shagon kayan lambu, ta kasuwa ba a san daga wace ƙasa ta zo ba kuma tana iya kawo cuta. Ki ɓare kan, ki zaɓi manyan ƙwayoyin, tsinin yana kallon sama, ƙasa ta rufe shi kamar santimita 3, tsakanin kowace da 'yar uwarta santimita 15, shikenan sai Yuni ko Yuli in ganyen ya fara bushewa ki tone. Akwai kuma ƙananan albasa na iri masu jure hunturu, da wake mai faɗin nan da ake yin ful da shi a Sudan da Saudiyya, ki nemi irin da ake ce wa Aquadulce Claudia, shi ne mai jurewa.

Abin da kika ga tana binnewa kuwa ina kyautata zaton ƙwan fulawa ne, wato tushen furanni mai kama da albasa, dafodil ko tulif, don lambun ƙauyen Ingila haka yake, fulawa da kayan miya a cakuɗe ba layi ba tsari. Dafodil an fi so ya shiga ƙasa tun Satumba amma har yanzu ba ki makara ba. Tulif kuma ki jira Nuwamba, sanyin na rage wata cutar funfuna da ke ƙona masa ganye. Zurfin ramin ninki 2 zuwa 3 na tsayin ƙwan. Sai dai dan Allah Hajiya, ƙwan dafodil guba ne kuma sak albasa yake, a 2015 har hukumar lafiya ta Ingila ta rubuta wa manyan shaguna su daina ajiye dafodil kusa da kayan miya. Kar ya kwana a kicin, kar kuma ki binne shi a kwamin albasa. Tulif shi kuma kurege ne matsalarsa, ki shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji a saman wurin.

Ni a ganina ruwa ya fi sanyi kashe shuka a can. Gidaje da yawa ƙasarsu laka ce, in aka yi ruwa ta kwana da shi, saiwa ta ruɓe kina zaton sanyi ne. Ki leƙa bayan an ɗauke ruwa, duk inda kika ga ya kwanta kar ki sa tafarnuwa a wurin, ki tayar da kunya ko ki yi amfani da tukwane masu huji, ki ɗora su a kan bulo. Kuma kar ki riƙa taka ƙasar in tana jiƙe, danƙarewa take.

Ganyen bishiya da ke zuba kar ki zubar. Ki tara a baƙar ledar shara, ki yayyafa ruwa, ki huhhuda ta ki jefa a lungu, bayan shekara ɗaya zuwa biyu ya zama taki mai laushi kyauta. Banda ganyen tumatir da ya yi baƙi-baƙi, wannan bola. Ba sai kin share ko'ina tas ba, busassun kawunan fulawa ki bar wa tsuntsaye, tsibin ganye kuma in za ki kwashe ko za a cinna wuta wajen bikin 5 ga Nuwamba ki fara ɗagawa da sanda a hankali, bushiya a irin wurin take shiga barcin hunturu.

Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, biyar bata yi ba rana ta faɗi, to aikin sai dai Asabar da Lahadi da hantsi. Ki fara da tafarnuwar wannan satin, tulif ya jira.