Hukuncin harbin ɓauna idan maharbi bai ga makasarta ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina harkar dabbobi a wajen mayankar Oko-Oba, amma farauta gadon gidanmu ce. Idan kasuwa ta lafa mukan haɗu mu fita ta Epe mu nausa kurmin da ke wajen iyakar Ogun. A fitarmu ta ƙarshe, gab da magariba, muka ci karo da ɓauna a cikin sarƙaƙiya. Ban ga ƙirjinta ba, cinya da gefen ciki kawai nake hangowa ta tsakanin ganye. Bindigata mai baki ɗaya ce, harsashin da ke ciki na gada ne, kuma ɗayanmu ya zaga ta wancan gefe, ban san daidai inda ya tsaya ba. Na ɗora yatsa a kan kunama, sai na fasa. Tun ranar abokan tafiya ke cewa na kori arzikin da Allah ya kawo har gabana, wai ba ni da tawakkali. Shin na yi laifi? Kuma da na harba ta gudu da rauni, muka tsince ta washegari, naman ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ba ka yi laifi ba, ɗan'uwa. A yanayin da ka bayyana, fasa harbin shi ne wajibi a kanka, da ka harba kuwa da ka yi saɓo, ko da Allah ya sa ba a yi ɓarna ba.

Asalin farauta halal ce. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, idan kun kwance harami to ku yi farauta. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa ta halatta. Ɓauna ma halal ce, tun da dangin shanu ce, shi ya sa ake mata kirari da saniyar sake. Harbi da bindiga kuma, ko da yake magabata ba su san shi ba, malamanmu na baya sun tattauna shi, Shehu Abdulƙadir Alfasi da waɗanda suka bi shi suka halatta cin abin da dalma ta kashe, domin tana huda jiki tana zubar da jini fiye da kibiya. Duk wannan ba shi ne wurin matsalar ba. Matsalar tana ga wannan harbin shi kaɗai, a wannan lokaci, da wannan harsashi.

Mu fara da abokinka da ya zaga. Wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar. Harsashin bindiga irin taka warwatsuwa yake yi, abin da ya wuce dabbar kuma ba ya tsayawa ya tambayi wane ne a baya. Mutumin da ya harba cikin duhuwa alhali ya san akwai ɗan Adam a wancan sashe, bai san inda yake ba, ya yi caca da jinin da Allah ya haramta. Idan ya same shi ya mutu, kisan kuskure ne, hukuncinsa na Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci, wadda asalinta raƙuma 100 ne, dangin mai kisan ke ɗauka, sannan kaffara a kansa shi kaɗai, wadda a yau ita ce azumin wata 2 a jere. Ga zunubin ganganci a kan haka. Ku maharba kun fi ni sanin yadda ake samun wanda ya ga ƙyallin fitilar goshi ko motsin ganye da dare ya ɗauka nama ne. Kurmin kudu kuma ba dajin Allah ba ne da babu kowa: akwai mai gonar rogo, akwai mai yankan katako, akwai matan da ke shiga neman itace.

To a ce babu kowa a bayan ɓaunar. Har yanzu ban halatta maka ba.

Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisa, idan za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Kai da ke zama kusa da mayanka ka san abin da ake cewa da mahaucin da ya zo wa sa da dakusasshiyar wuƙa. Harsashin gada a jikin ɓauna ita ce wannan wuƙar. Ɓaunar kurmi ta fi ta arewa ƙanƙanta, ja ce, amma duk da haka takan kai kilo 250 ko fiye, ga kaurin fata, ga ƙashi. Makasarta tana ƙirji, daidai bayan ƙafar gaba, inda zuciya da huhu suke. Wanda ya zuba mata ƙananan ƙwayoyin dalma a cinya ko a tumbi bai kashe ta ba, ya dai ɗora mata ciwon da za ta yi ta ja har raunin ya ruɓe, ƙuda ya bi shi.

Akwai hadisin da ya zo daidai da wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Annabi ya hana jifa da tsakuwa ta hanyar harba ta da yatsu, ya ce ba ta kashe abin farauta, ba ta karya maƙiyi, sai dai ta karya haƙori ta tsiyaye ido. Dubi dalilin da ya bayar: makamin da ba ya kaiwa ga kisa, illa kawai yake bari. Wannan dalili yana nan a duk harbin da mai shi ya san rauni zai yi. Wani mai karatu zai ce ai huda hanji yana cikin makasa 5 da malaman Malikiyya suka lissafa. Haka ne, amma sun lissafa su ne don a san dabbar da yanka zai yi wa amfani da wadda ba zai yi wa ba. Ba su ce ka nufi hanji da gangan ba.

Sannan ga ranka da na waɗanda kuke tare. Duk maharbin da ya san ɓauna ya san mai rauni ta fi mai lafiya sharri. Takan shige duhuwa ta laɓe, mai bin sawun jini yana sunkuye yana duban ƙasa, sai dai ya ji ta a kansa. Kai kuwa harbi ɗaya gare ka, kafin ka karya bindiga ka sake ɗurawa an gama, ga rana ta faɗi. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Idan kuma kun tsira kun hau mota kun dawo Legas, kun bar wa mutanen ƙauyen dabbar da ke jin zafi, wadda za ta huce a kan wanda ya yi sammakon gona bai san hawa ba bai san sauka ba. Hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya hau kan wannan.

Ƙa'idar ke nan: harbin da kai ka zaɓa ba ya halatta sai ka tantance abin da kake harbi, ka san abin da ke bayansa, kuma zatonka ya rinjaya cewa makaminka da hannunka za su kashe nan take ko kusa da haka. Ba a nemi yaƙini ba, don babu maharbin da ba ya kuskure, kuma wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa sannan ya kuskure babu zunubi a kansa. Rinjayen zato kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Nisan da Sarkin Baka zai harba ya kayar, yaron da ya fara riƙe bindiga bana bai kamata ya gwada ba.

Harbin da aka tilasta maka daban ne. Idan ɓauna ta sunkuyar da kai ta taso maka, ko ta danne abokinka, ka harba duk inda ka samu, muddin ba za ka haɗa da mutum ba, domin kare rai ne, ba farauta ba.

Maganar tawakkali, ka gaya wa abokanka da lafazi mai taushi cewa Tirmizi ya ruwaito mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Annabi ya ce ɗaure ta ka dogara. Ni a ganina abin da suke kira tawakkali tsoron gori ne, kada a koma Agege a ce wane ya ga ɓauna ya kasa. Arzikin da aka rubuta maka kuwa ba ya wuce ka don ka ƙi aikata abin da aka hana.

Ina kuma jan hankalinku a kan wurin da kuke shiga. Ta wancan yanki akwai gandun dajin Omo a Jihar Ogun, wanda gwamnati ta killace, har yau da ragowar giwaye a ciki, ga kuma dokar tarayya ta 1985 mai kare namun dajin da ke neman ƙarewa. Riƙe bindiga ma sai da lasisi. Abin da hukuma ta hana don maslahar jama'a, bin ta a kai wajibi ne. Ku bincika kafin ku sake fita.

Saura naman. Idan ka yi bisimilla lokacin harbi da niyyar farauta, ka bi sawu ba tare da sakaci ba, ka tarar ta mutu da harbinka, ka ci. Idan ka tarar da ita da sauran rai, harbin bai huda makasa ba, kuma kana da ikon yanka, dole ka yanka, in ka bari ta mutu ta zama mushe. Idan ta kwana ba ku gan ta ba, a nan aka yi saɓani. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ƙi cin abin da ya kwana, Risala ma ta kawo haka, sannan ta kawo ɗaya ƙaulin cewa idan an sami kibiyar a makasa babu laifi. Wasu malamai sun yi riƙo da hadisin Abu Sa'alaba a Muslim, mai halatta ci ko bayan kwana 3 muddin bai yi wari ba, da na Adiyyu ɗan Hatim, wanda ya sharɗanta kada a ga wani tabo ban da na kibiyarka, kada kuma a same ta cikin ruwa, don ba ka sani ba ruwan ne ya kashe ta ko kai. A irin taka mas'alar, harbin cinya ne da ƙaramin harsashi, a ƙasa mai fadama da zafi, dabbar kuma ta kwana. Ba a sami makasa ba, ba a kuma tabbatar da abin da ya kashe ta ba. Wannan ba za a ci ba, ba za a kuma sayar wa kowa ba.

Wallahu a'alam.