Lensin farko na kyamarar renjifainda: a ciyo bashi a sayi Summilux, ko a tsaya a Summicron?

Tambaya: Ni mai hoto ne, sana'ata ɗaukar hoton mutane da na taruka. Kwanan baya na sayi Leica M10 ta hannu, kyamarar renjifainda (wadda ake saita fokas ɗinta da hannu ta wata taga daban), ina lallaɓa ta da wani lensi mai araha. Yanzu ina so in sayi lensin 50mm na kirki, na farko a rayuwata. Abin da na tara zai sayi Summicron f/2 na Leica na hannu har a samu canji, amma raina yana kan sabon Summilux f/1.4 nasu (lambar f buɗewar lensi take nunawa: ƙaramar lamba, babbar buɗewa), wanda sai na ciyo bashi kafin in cika kuɗinsa. Abokan sana'a suna cewa kayan Leica ba sa faɗuwa, sayensu ajiyar kuɗi ce. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Malam, kada ka ciyo bashin nan. Sayi Summicron ɗin na hannu, ka riƙe canjinka. Bari in faɗa maka dalili, don idan lissafinka ya bambanta da nawa ka san inda za ka gyara.

Mu fara da maganar abokanka, domin ita ce ke neman kai ka ga bashi. Gaskiya ne lensin Leica yana riƙe daraja fiye da yawancin kayan hoto, kuma akwai dalili. Bakin da ake ɗaura lensi a kyamarar M bai canza ba tun da aka fito da kyamarar M3 a 1954, saboda haka lensin da aka ƙera shekaru sittin da suka wuce zai hau M10 ɗinka ya yi aiki. Babu injin saita fokas a cikinsa da zai mutu, ƙarfe ne da gilashi. Amma riƙe daraja daban, rashin faɗuwa daban. Sabon lensi ranar da ka fasa kwalinsa ya zama na hannu, kuma wannan faɗuwa ta farko ita ce mafi girma da zai yi. Wanda ya sayi na hannu ya tarar wani ya riga ya biya masa ita.

Ga yadda nake so ka yi lissafin. Abin da lensi zai ci maka ba kuɗin da ke kan rasit ba ne. Tazarar da ke tsakanin abin da ka saya da abin da za ka sayar ce, sai ka ɗora kuɗin gyara, da la'adar dillali in ta hannunsa za ka sayar, da kuɗin ruwa in bashi ne. A ce ka sayi na hannu a kan 100, bayan shekara uku ka sayar 90: hayar shekara uku ta tashi maka 10. A ce kuma ka sayi sabo a kan 200, rabi bashi, ka sayar 150, ka biya ruwa 20: hayar ta zama 70. Misali ne kawai, kai za ka sa alƙaluman gaskiya na kasuwar da kake saye. Daga nan sai ka raba bambancin da ribar da aiki ɗaya yake bar maka, ka ga aiki nawa za ka yi kana yi wa lensi bauta kafin ya fara yi maka. Sannan ka tambayi kanka ko akwai kwastoma ɗaya da zai ƙara maka kuɗi don ka ɗauke shi a f/1.4 maimakon f/2. A ganina da wuya. Kwastoma fuskarsa yake dubawa, da ko hoton ya fito tas, da ko ka kawo aiki a kan lokaci.

To me ƙarin kuɗin Summilux yake saya? Haske ninki biyu. Tsakanin f/2 da f/1.4 mataki ɗaya ne, shi ke nan. A zamanin fim, lokacin da mutum ya sa fim mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama haske) ya maƙale da shi har fim ya ƙare, wannan mataki yana iya zama bambancin samun hoto da rasa shi, kuma don haka aka fito da Summilux 50mm a 1959. A M10 kuwa, ka ɗaga ISO daga 1600 zuwa 3200 ka rama, kuma hoton zai sayu. Abu na biyu shi ne narkewar bayan hoto, wadda ta fi laushi a f/1.4. Wannan kam akwai daɗi, ban musa ba, kuma samfurin Summilux ASPH na 2004 da Peter Karbe na kamfanin Leica ya tsara yana cikin lensunan 50mm da aka fi yabo. Sai dai daɗin yana da farashinsa a wurin aiki.

Ka tuna yadda renjifainda take. Ba ta cikin lensi kake kallo ba, ta wata taga ce daban. A tsakiyar tagar akwai ɗan faci mai haske inda kake ganin abu ya rabu biyu, kana juya zoben fokas har su haɗe. A bayan lensi akwai wani gefen ƙarfe da ke tura ɗan gargare a cikin kyamara, shi ke motsa facin. Idan saitin wannan ya goce ko da kaɗan ne, za ka ga komai ya haɗe a ido, hoto kuma ya fito da fokas a kunne maimakon ido. A f/1.4, mutum yana tsaye mita 2 daga gare ka, zurfin abin da zai fito tas bai wuce kamar santimita 13 ba. A mita 1 ya koma wajen santimita 3. Ga shi hannu ne ke fokas, mutane suna motsi, haske ya yi ƙasa. Masu hoto da yawa da suka sayi f/1.4 suna ƙarewa suna aiki a f/2 ko f/2.8 a wurin taro, wato sun biya kuɗin abin da suke rufewa. Hoton da ya goce a taro ba a sake shi, kuma asararsa a kanka take.

Akwai kuma girma. Summicron na yanzu nauyinsa wajen giram 240, bakinsa na filta 39mm. Summilux ASPH ya haura giram 300, bakinsa 46mm, kuma yana ɗan tare kusurwar ƙasa ta dama a tagar leƙe. Wani lensin Leica, Noctilux f/0.95 na 2008, mai nauyin giram 700, kada ma ka kalle shi a matsayin na farko. Haka APO-Summicron na 2012, wanda kuɗinsa ya ninka na Summicron ɗin gama-gari fiye da sau biyu: kayan wanda sana'a ta riga ta zaunar ne.

Shi Summicron ɗin da nake nuna maka ba na rage zafi ba ne. Sunan ya fara tun 1953, tsarin gilashin da ake sayarwa yau kuwa na Walter Mandler, mai tsara lensunan Leica, ne na 1979, wanda aka sake wa jiki a 1994 aka sa masa rumfar tare haske mai zamewa. Amfanin wannan gare ka shi ne na 1979 zuwa yau duk gilashinsu tsari ɗaya ne, don haka kana iya sayen mai shekaru ka samu hoto irin na sabo. Kuma yana da yawa a kasuwa, masu nemansa suna da yawa. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kayan da za ka iya mayarwa kuɗi cikin sauri ranar da ka matsu ya fi wanda sai ka jira mai sha'awa.

In ka ga ko Summicron ɗin zai cinye jarinka kaf, akwai Zeiss Planar 50mm f/2 ZM da Voigtländer APO-Lanthar 50mm f/2, dukkansu kamfanin Cosina na Japan ke ƙera su, sabonsu bai kai rabin kuɗin sabon Summicron ba, kuma kaifinsu ba abin rainawa ba ne. Ba sa riƙe daraja kamar Leica, amma kuɗin da ka ɗaure a cikinsu kaɗan ne. Zeiss C Sonnar f/1.5 kuwa ka bar shi tukuna. Yana da kyan hoto, amma fokas ɗinsa yana gusawa idan ka canza buɗewa, sai wanda ya saba da halinsa.

Kafin ka fitar da ko sisi, buɗe hotunan da ka sayar a shekarar da ta wuce ka duba bayanansu, ka ga tsawon lensin da buɗewar da ka fi aiki da su. In yawancin aikinka cikin ɗakuna ne masu matsi da hoton jama'a a jere, wataƙila 35mm, wanda ya fi ɗaukar faɗi, kake buƙata ba 50mm ba. M10 tana da ɗan hannu a gaba da ke sauya layukan firam a taga, ka yi yini kana gwada na 35 da na 50 a inda ka saba aiki, kyauta.

Ranar saye kuma ka je da kyamararka. Buɗe lensin gaba ɗaya, ka haska fitilar waya ta baya kana kallo ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai. Hazo, ko fumfuna mai kama da zaren gizo-gizo, ko wani launi-launi a gefen gilashi da ke nuna gam ya fara saki, waɗannan ka ajiye ka tafi. Duba ganyayen buɗewa kada a ga maiƙo. Juya zoben fokas daga mita 0.7 zuwa ƙarshe, ka ji ko yana tafiya sumul ba tare da cijewa ba. Sai gwaji mafi muhimmanci: shimfiɗa jarida a karkace kamar mita 1 daga gare ka, ka yi fokas a kan layi ɗaya da facin taga, ka ɗauka a f/2, sannan ka kunna allon baya ka zuƙo ka ga ko layin da ka nufa ne ya fito. In ya goce, ko lensin ne ko kyamarar, kuma sai an kai wa mai gyara ya daidaita su. Wannan gyara yana cin kuɗi, yana iya cin makonni, shi ya sa na ce ka riƙe canjinka, kuma kada ka sayar da lensin mai araha da kake aiki da shi yanzu.

Ka duba bakin lensin ko akwai ɗigo shida baƙi da fari, lambar da Leica ta fara sawa a 2006 don kyamara ta gane lensin da kanta. A 50mm rashinta ba ya ɓata hoto, kana iya zaɓar lensin a menu, amma mai saye zai rage maka kuɗi saboda rashinta, don haka kai ma ka rage yanzu. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar lensin, ka nemi a rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa. In kwali da takardu suna nan, ka adana su, suna ƙara kuɗi ranar sayarwa.

Ka yi shekara da shi kana rubuta duk aikin da ka ji f/2 ta gaza maka. In lissafin ya yi tsawo, ka sayar da Summicron ɗin, ka ɗora ribar da ya kawo, ka nemi Summilux na hannu da kuɗinka.